Tsufa a Kan Hanyar Makka

A ƙauyukan Jazira da ke Sudan akwai dattawan Hausawa da a can aka haife su, a can aka binne iyayensu, amma in ka tambaye su sai su ce a kan hanya suke, Makka za su. Masani C. Bawa Yamba ya zauna da irinsu, ya fitar da littafi a kansu a 1995.

Kakanninsu a ƙasa suka taso, ta Borno da Wadai da Darfur, da niyyar su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma, shekara ta zama goma. Wasu kuma hijira ce ta kai su: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci ma'aikata, Hausawa kuwa ba su ƙi aiki ba.

Ta fuskar zaman yau da kullum sun saje. Jikokinsu Larabci suke yi kamar kowa, wasu ma ya fi musu sauƙi a kan Hausa. Je ka bakin titi da yamma ka ga mai agashe: ya yanka nama falle-falle, ya tsire shi, ya shafe shi da garin ƙuli da yaji, ya jera tsinkayen kewaye da garwashi, 'yan ƙasa na layi. Abincin Bahaushe ya zama na Sudan duka.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda da fili. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna cewa kakannin mutum na zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, wato ta bar mutanen Burmi da duk wanda ya zo bayansu a waje. Dokar 1994 ta matso da shekarar zuwa 1956, sai dai wanda ya yi ƙuruciyarsa ba takarda ya riga ya yi asara. Yawancinsu a gonar wani suka yi aiki, ko ƙodago ko a raba amfani, suna kwana a unguwannin lebura da ake kira kambo, inda asibiti da makaranta da ruwan famfo suka yi ƙaranci. Saurayi yana iya jure wannan, tunda ƙarfinsa ne jarinsa. Amma ranar da baya ya ƙi sunkuyawa, ido ya daina ganin auduga, ba fansho, ba gonar da zai ba da haya, sai abin da 'ya'ya da maƙwabta suka miƙo. Zumunci ya rufa wa da yawa asiri, amma bai kamata ƙasar da ta ci gumin mutum shekara hamsin ta bar wa zumunci wannan nauyi shi kaɗai ba.

A watan Yulin 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarauta a tsarin sarautun gargajiya, wasu maƙwabtansu suka ce baƙo ba ya sarauta a ƙasar wani. Rikici ya ɓarke, fiye da mutum 100 suka mutu, a watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi. Baƙo, ga mutumin da kabarin kakansa ke bayan gari!

Sai ga yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disamba, suka kai Singa a 2024, jama'a suka fantsama zuwa Gadarif da Kassala, ana kwana a azuzuwan makaranta. Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ba ya gudun kwana uku a ƙafa, shi ya sa wasu suka ce wa 'ya'yansu su tafi, su za su zauna. Najeriya ta kwashe ɗalibanta a jirage a watan Mayun 2023. Waɗannan dattawa kuwa ba su da fasfonta, yawancinsu ma ba su taɓa taka Kano ko Sakkwato ba.