Saƙar Ragaya da Marufin Kwano: Sana'ar Cikin Gida Mai Kare Lafiyar Yara

Ina gaishe ku a duk inda kuke, musamman matan Abare da sauran ƙauyukan Anka, da na Bukkuyum da Gummi. Yau za mu yi magana ne a kan saƙa, sana'ar da uwargida za ta yi tana zaune a ɗakinta, ko zaure ba sai ta leƙa ba. Abu biyu za mu saƙa: ragaya da marufin kwano. Amma kafin mu ɗauki zare, bari mu fara da dalilin da ya sa na zaɓi waɗannan biyun.

Duk wadda ta mallaki hankalinta a Abare tana tune da shekarar 2010. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan wannan yanki, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro amma ba sauƙi. Da aka auna jini sai aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa kuma ta bi tsakar gida da ɗakuna da abinci. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Daga 2010 zuwa 2011 aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a Abare, Dareta, Sunke, Duza, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru, sannan aka yi na Bagega a 2013. A 2022 kuma MSF ta miƙa aikin ga hukumomin lafiya na jihar Zamfara.

To uwargida, me ya haɗa wannan da saƙa? Ita dalma ta baki ta fi shiga jikin yaro. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 yana rarrafe, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ƙura ta sauka a kan tuwo ko fura da aka bari a buɗe, ya ci. Hanjin yaro ya fi na babba zuƙar dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa da ke kan girma ita ta fi cutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Dafa abinci ko tafasa ruwa ba ya kashe ta, don ba ƙwayar cuta ba ce. Saboda haka dabara ita ce a hana ƙura kai wa ga abinci tun farko: a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma rufe shi.

Mu fara da ragaya, wadda kakanninmu ke rataye ƙwaryar nono da fura a cikinta. Ki samo igiyar rama ko ta kaba, sabuwa, ki yanka guda 4 masu tsawo ɗaya, kowace kamar gaba biyu. Ki haɗa su ki ninka biyu, kin ga sun zama sili 8 ke nan. A wajen ninkin ki yi ƙulli ɗaya babba, ki bar ɗan zobe a sama, nan ne maratayi. Sai ki raba silin bibbiyu, ki sauko kamar kamu ɗaya, ki ƙulle kowane biyu. Daga nan ki sauko kamar taƙi ɗaya, ki ɗauki sili ɗaya daga wannan ƙulli ki haɗa da ɗaya daga na kusa da shi, ki ƙulle, har ki zagayo. Ki sake yin haka sau ɗaya, za ki ga raga ta fito. A ƙarshe ki tattara duka takwas ɗin ki yi ƙulli mai ƙarfi a ƙasa. Ki fara gwada ta da ƙwaryar ruwa kafin ki amince mata da nonon gida. Idan ƙwaryar ta karkata, to wani ƙullin ya fi wani sauka, sai ki kwance ki daidaita.

Sai marufin kwano. Za ki nemi kwarashi da zare. Zaren auduga ya fi dacewa, don yana jure wanki da zafin abinci, amma idan ulu kika samu, shi ma zai yi wa kwanon da ba zafi. Ki fara da sarƙa 6, ki haɗa bakinta ta zama zobe. A cikin zoben ki yi doguwar saƙa 12, wato wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka. A zagaye na biyu ki sa biyu a kowane ido, su zama 24. A na uku ki sa biyu a ido ɗaya, ɗaya a na gaba, su zama 36. Haka za ki riƙa ƙara 12 a kowane zagaye. Idan kika ga saƙar tana lanƙwashewa kamar ƙoƙo, ƙarinki ya yi kaɗan. Idan kuma bakinta yana tattarewa kamar ganyen latas, ƙarin ya yi yawa. Da zarar faɗinta ya ɗan wuce bakin kwanon, ki yi zagaye biyu ko uku babu ƙari, bakin zai sauko ya kama kwanon kamar hula.

Ga inda nake so ki saurara da kyau. Saƙar kwarashi tana da idanu. Za ta hana ƙuda, amma ƙura mai laushi za ta ratsa. Don haka ki yanko ƙyallen atamfa wankakke daidai faɗin marufin, ki ɗinke shi daga ciki. Wadda kuma ta iya ɗinkin faifai, ta jiƙa kabarta ta yi laushi, ta matse ɗinkin sosai yadda idan ta ɗaga shi ga rana ba za ta hango haske ba. Sannan duk abin da aka saƙa yana riƙe ƙura. Ki yi marufi biyu, ɗaya na kan kwano ɗaya na kan igiyar shanya, kuma ki riƙa kifa shi ta fuska ɗaya kullum, kada gefen da ya sha ƙura ya koma ciki.

Hattara kuma da inda kayan saƙarki suka fito. Mu mata mun saba warware buhu mu yi igiya ko mu ɗinka shimfiɗa, wannan tattali ne mai kyau. Amma buhun da aka taɓa zuba dutsen zinare ko garinsa a ciki, kada ki warware shi, kada ki shimfiɗa wa yaro, kada ki shanya hatsi a kai, ko da an wanke. Idan ba ki san tarihin buhu ba, ki bar shi. Kabarki da zarenki su ma ki adana su a cikin kwalla mai murfi, ba a ƙasa ba.

Kada kuma a ɗauka marufi magani ne. Babban kariya shi ne kada a shigo da dutse gida ko kaɗan. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi da hikima, idan yana aikin haƙa ko niƙa, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, a kuma wanke kayan aikinsa daban. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci. Yaron da ke yawan amai, ko ciwon ciki, ko kasala, balle a ce jijjiga, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikata idan ana aikin dutse a kusa. Mai juna biyu ma ta kula, don dalma tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki.

Bayan lafiya kuma ga ɗan abin sayen gishiri. Kayan ɗakin amarya ba sa rasa marufi da faifai. Idan hannunki ya faɗa, ki lissafa kuɗin zare da ƙyalle, ki ɗora ladan aikinki, ki ba dillaliya ko ki nuna wa mata a gidan biki da suna. Ta haka ba sai kin ɗora wa 'yarki talla ta rasa makaranta ba. Hausawa suka ce sana'a goma maganin mai gasa, kuma da yayyafi kogi kan cika.

A wannan makon ki gwada ragaya ɗaya da marufi ɗaya, ki kuma koya wa abokiyar zamanki ko maƙwabciyarki. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya sa albarka a hannuwanmu. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.