Me ya sa sabbin bayanai ke ɓacewa daga shafin intanet, tsofaffi kuma su tsaya?

Akwai abin da kan faru da ƙungiyoyi, makarantu da ƴan kasuwa masu shafin intanet: a wayi gari sanarwar jiya da hotunan shekaranjiya sun yi ɓatan dabo, amma labarin bara yana nan daram. Sai a fara zargin juna, wani ya ce kutse ne, wani ya ce mai kula da shafin ne ya goge. Sau da yawa ba ko ɗaya.

Abin da kuke gani a salula ba a cikinta yake zaune ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta da ake haya wurin wani kamfani, galibi a Faransa ko Amurka. A cikinta akwai rumbun bayanai, inda kowane rubutu ke shiga da ranarsa da lokacinsa. Kamfanin kan kwafe rumbun lokaci-lokaci ya adana, wani kullum da dare, wani sau ɗaya a mako.

To ku ɗauki mai kanti da ke kwafe littafin bashinsa duk ranar Juma'a. Ran Laraba ruwa ya ci littafin. Ya ɗauko kwafin, ga bashin watan jiya cif-cif, amma wanda ya karɓi sukari ran Lahadi babu sunansa. Haka abin yake. In na'ura ta samu matsala, kamfanin ya maido da kwafin baya, shafin zai buɗe lafiya lau kamar ba abin da ya faru, sai dai duk abin da aka sa bayan kwafin ya tafi. Kuma ba kowane kamfani ke aiko da saƙon sanarwa ba, wanda a ganinmu wannan rashin kyautawa ne ga mai biyan kuɗin haya.

Kada ku ce ƙananan shafuka kaɗai abin ke samu. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke ajiye aikinsu, ya goge bayanai daga babban rumbu yana zaton na biyu yake sharewa. Kafin ya ankara kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka je ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar hanyar kwafewar ta daina aiki tun tuni ba wanda ya lura, domin saƙonnin gargaɗin ma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kamar awa shida kafin nan don wani aiki dabam. Bayanan waɗannan awoyi shida ba su dawo ba, ciki har da rajistar sabbin mutane kusan 700.

A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka tsaya. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu kwafin ajiya a wuri guda da na asali. Hatsi da iri duk a rumbu ɗaya ke nan.

Wani lokacin fa bayanan ba su ɓata ba. In an yi wa shafi ƙaura zuwa sabuwar na'ura, akan kwashe kaya yau, a juya adireshi bayan kwana biyu. Abin da aka rubuta a tsakani yana can tsohon gida. Ko kuma wayarku ce ke nuna tsohon hoton shafin da ta riƙe, musamman inda rezo ke da rauni. Shi ya sa kafin a tada hankali, a kira ɗan uwa a Yamai ko Agadas, ko wanda ke Libiya, a ce ya buɗe ya faɗi abin da yake gani. Cikar ma'ajiya ma kan hana sabon rubutu zama, ko da an danna an ga kamar ya shiga.

In ta tabbata sun ɓace, mai shafi ya dakata da zuba sabon abu. Ya rubuta ranar da awar abu na ƙarshe da ya rage, ya tuntuɓi kamfanin a ranar, ya tambaye su ko sun maido da kwafi ko sun yi ƙaura, kuma na wace rana. Gaggawa na da dalili: kamfanoni da yawa na riƙe kwafi na ƴan kwanaki ne kawai, sabo na hawa kan tsoho.

Ga ƙungiyoyin da ke rubuta kuɗin adashi ko gudummawar ƴan ƙetare a shafi, shawararmu ita ce a riƙa sauke kwafi duk mako a kan kile ko katin memuwa, a ajiye a wani gida dabam, a kuma gwada buɗe shi lokaci-lokaci. Littafin takarda na ma'aji shi ma a ci gaba da cika shi, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa.