Umarnin da Ba a Rubuta Ba, Ɗaukewar Wuta Kan Tafi da Shi

Duk mai aiki da Linux a Yamai, ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni ko ma'aikaci a ƙaramin kamfanin fasaha, ya san baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Manhajar da ke karɓar umarnin a yawancin na'urori sunanta Bash. Brian Fox ne ya fitar da ita a 1989, a madadin wadda Stephen Bourne ya rubuta wa Unix ta kuma fito a 1979. Amfaninta babba ne: layi ɗaya kan sauya sunan hotuna ɗari, ko ya kwafe aikin wata guda. Matsalar ita ce, layin da mutum ya sha wuya kafin ya haɗa shi yau, bayan wata biyu ko farkonsa ba ya tunawa.

Da yawa sun dogara ga tarihin da Bash ke ajiyewa. Ka danna Ctrl da R, ka rubuta guntun kalma, sai tsohon umarni ya fito. Amma tarihin yana da iyaka: a tsarinta na asali umarni 500 kaɗai take riƙewa, Ubuntu kuma ta mai da su 1000. Abin da ya fi shafar mu shi ne, ba ta zuba su a fayil ɗin .bash_history sai an rufe allon yadda ya kamata. Idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur, duk umarnin wannan zaman sun tafi. Mutanen Yamai ba sa bukatar a yi musu bayanin ɗaukewar wuta, musamman a zafin Afrilu da Mayu, balle abin da aka gani a Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarki, ta katse layin.

Maganin layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin .bashrc: PROMPT_COMMAND='history -a'. Da shi, kowane umarni zai shiga ajiya da zarar ya kammala. A ƙara HISTSIZE da HISTFILESIZE zuwa 10000, tarihin ya yi tsawo.

Sai dai tarihi tarkace ne, ba tsari ba. Umarnin da ake maimaitawa kullum a ba shi laƙabi ta hanyar alias, dogon layi ya koma kalma ɗaya kamar "ajiye" ko "kwafa". Wannan sauƙi ne na musamman a Nijar, inda aka fi amfani da madannan AZERTY irin na Faransa, waɗanda alamomin ~ da # da | ba sa fitowa a kansu sai an haɗa da AltGr. In an manta laƙuban, a rubuta alias ita kaɗai, duk za su jeru.

Aikin da ya wuce layi biyu ko uku kuwa, fayil nasa na kansa ya dace da shi. A tara irin waɗannan a jaka guda mai suna bin, a ba kowanne izinin aiki da chmod +x. Sunan ya faɗi aikin: "rage-hotuna" ya fi "gwaji2". Mai sayar da kayan gyara a kasuwar Katako ba ya zuba kusoshi da noti a buhu ɗaya, kowanne da gwangwaninsa. A saman fayil a sa alamar # a rubuta abin da yake yi da misalin yadda ake kiransa, da Hausa, da Zabarmanci ko da Faransanci, tunda Bash tsallake wannan layin take yi. A sunan fayil dai a guji ƙ da ɗ da ɓ, domin babu su a madannan.

Daga ƙarshe, ajiya ɗaya ba ajiya ba ce. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana riƙe tarihin kowane gyara ko babu intanet, in an samu layi sai a tura kwafi zuwa GitHub ko GitLab. Amma kada a kuskura a sa kalmar sirri a cikin abin da za a tura.

Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Mai karatu, ka buɗe .bashrc ɗinka yau, ka sa layin nan na ajiyar tarihi, sannan ka kwafe jakar bin a filashi.