Ranar da baƙin man babur ɗina ya koma kamar shayi da madara

Duk wanda ya yi damina ko da ɗaya ce a Duwala ya san ruwan garin nan ba ya wasa. Ana samun sama da milimita 3,500 a shekara, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba yake zuba. A watan Agusta sai a wuni a kwana ana yi, kwatoci su cika su tumbatsa. Idan aka yi rashin sa'a ya haɗu da lokacin da teku ta turo ruwa cikin kogin Wuri, sai ruwan unguwa ya rasa inda zai bi, ya tsaya a kan titi. Mutanen Makepe-Misoke sun fi kowa sanin wannan, amma mu ma na New-Bell muna samun rabonmu.

A irin wannan watan ne na kusa korar ɗan yayata daga aiki a kan laifin da bai yi ba.

Babur ɗin ƙarami ne, mai inji 150, irin waɗanda 'yan benskin suka cika gari da su. Da kuɗin adashi na saye shi, na ba yaron yana ɗaukar fasinja, kullum da daddare ya kawo mini abin da muka yi yarjejeniya, sauran nasa. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: kada ya kuskura ya shiga ruwan da ya kai salansa, ko nawa fasinja zai biya.

Wata Asabar da safe, bayan an kwana ana ruwa, na kwance murfin mai na zaro ma'auninsa kamar yadda na saba duk mako. Maimakon baƙi, sai na ga abu kamar shayin da aka cika wa madara. A ƙarƙashin murfin kuma ga wani farin kumfa mai kauri ya manne.

"Kai, ina ka shiga da shi?"

"Wallahi Kawu ban shiga ruwa ba. Jiya ma tun kafin la'asar na dawo."

Ban yarda ba. Na karɓe makullin. Abin da ya fi muni, kafin in kai babur ɗin ko'ina, na ɗaga waya na kira uwarsa a Ngaundare na ce mata ɗanta ya kashe mini inji, kuma ya dubi idona ya rantse.

Makanike na farko da muka tura babur ɗin wurinsa ko durƙusawa bai yi ba. Ya leƙa murfin, ya ce sai an buɗe inji gaba ɗaya, a canza ringi da boris da gasket. Kuɗin da ya kira ya kai abin da babur ɗin ke kawo mini a wata guda. Na ce zan yi shawara. Muka ƙara turawa zuwa wurin wani dattijo a bayan kasuwa, wanda tun ina yaro nake ganinsa a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, kun tayar da shi tun da kuka ga haka?" Na ce a'a, turo shi muka yi. Ya ce, "To, kun taimaki kanku."

Ya ɗauki wani fallen ƙarfe mai tsabta ya aika yaronsa ya ɗora a kan garwashin mai shayi na ɗan lokaci. Kafin a dawo da shi, ya shafa man a yatsa ya sunsuna, domin idan fetur ne ya gauraya da mai, ba a kai shi kusa da wuta. Babu warin fetur. Ya ɗiga ɗigo biyu a kan ƙarfen, yana kawar da fuska. Nan take sai tsart-tsart, kamar an jefa jiƙaƙƙen kifi a man suya. Ya sake ɗiga sabon mai daga galan a gefe guda, shi kuwa sai ya baje shiru, ɗan hayaƙi kawai ya yi. Dalilin ba shi da wuya: ruwa yana tafasa a digiri 100, baƙin mai kuwa yana jure abin da ya fi haka nesa, saboda haka ruwan da ke ɓoye a cikinsa shi ke fashewa ya yi wannan ƙara. Ba a bari ƙarfen ya yi ja, ɗumin da ya wuce tafasar ruwa ya isa.

Daga nan ya sassauta noti na ƙasa, na juye mai, bai cire shi duka ba. Da yake babur ɗin ya kwana a tsaye, abin da ya fara ɗigowa ruwa ne kusan garai, sannan mai ya biyo baya. Ruwa ya fi mai nauyi, idan aka bar su sai ya kwanta a ƙasa. Ya tare sauran a cikin farar gorar roba ya ajiye a gefe, ya kuma murza kaɗan tsakanin yatsu biyu yana neman yashi. Bai ji komai ba.

Na ce, "Baba, ai ka ga ruwa ne. Ya shiga ruwa ke nan."

Ya ce, "Launi ya gaya mana akwai ruwa. Bai gaya mana ƙofar da ya shigo ba. Ka bari mu bi ƙofofin."

A nan ne na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ruwan ambaliya ba ya shiga inji ba tare da ya bar sawu ba. Baba ya buɗe akwatin iska ya ciro soson: a bushe yake, ƙura ce kawai. Ya kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta ya tari abin da ya zubo a tafin hannu: fetur ne zalla, babu ɗigon ruwa ko laka. Ya cire fulogi, wanda a nan muke ce wa buji, shi ma a bushe. Ruwan titin Duwala kuwa kowa ya san da yashi da taɓo yake tafe, da shi ne ya shiga da an ji shi a yatsa. Yaron yana tsaye a bayana bai ce uffan ba.

Ƙofa ta biyu ba ta shafe mu ba, domin irin waɗannan ƙananan babura iska ce ke sanyaya su. Amma masu manyan babura masu lagireto su lura: idan mai ya yi fari, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, to gasket ɗin kan inji ne ko robar famfon ruwa, kuma juyen mai sau goma ba zai magance shi ba.

Ta uku ita ce ta fi ba ni mamaki. Injin da kansa yana haifar da ruwa. Duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma kaɗan yana silalewa ta gefen ringi ya sauka wurin mai. Idan injin ya yi zafi sosai sai ya ƙafe. Wanda kuwa babur ɗinsa daga gida sai masallaci sai shago, tafiyar minti biyar, injinsa ba ya kai wannan zafin, sai tururin ya riƙa taruwa, musamman a gari mai laima irin namu. Alamarsa ita ce farin kumfa a ƙarƙashin murfi kawai, man da ke ciki kuwa lafiyarsa lau. Maganinsa doguwar tafiya ta rabin awa ko fiye, lokaci-lokaci. Baba ya ce mutane da yawa an buɗe musu inji a kan wannan kumfa, sun biya kuɗin banza. Sai dai babur ɗin benskin wuni yake yana aiki, wannan ma ba ita ba ce.

Sai ya juya wurin yaron. "Ɗana, sau nawa kake wanke shi?"

"Kullum ne Baba, da yamma, a wurin masu injin feshi. Fasinja ba sa son taɓo."

"Da zafinsa kake kai musu?"

"E."

Baba ya ɗaga murfin mai ya nuna mini zoben robar da ke jikinsa, ya tsage ya lotsa. Ya zura hannu ta bayan inji ya jawo wata siririyar tiyo, wadda injin ke numfashi da ita. Ta bushe ta tsage daga gindi, bakin ramin a buɗe yana kallon sama. Inji mai zafi idan aka watsa masa ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙo ta waje, ruwan feshi kuma mai ƙarfi ne, duk inda ya sami kafa zai bi. Kullum kaɗan-kaɗan, har ya taru.

Kada a raina wannan kaɗan ɗin. Man da irin wannan babur ke ɗauka bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi ne na inji, shi ne na giya, shi ne na kuloci. Da ruwa ya gauraya da shi, santsin da ke raba ƙarfe da ƙarfe ya ragu, idan kuma aka ajiye babur ɗin a haka sai tsatsa ta kama boris. A kusurwar rumfar akwai injuna biyu a warwatse da Baba ya nuna mini. Ɗaya ya mutu ne a tsakiyar ruwa, mai shi ya yi ta buga kik. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Ɗayan kuma an fito da shi lafiya, amma aka jingine shi mako biyu ana jiran kuɗi, da aka buɗe cikinsa ya yi ja wur. Shawararsa ga duk wanda babur ya mutu masa a ruwa: kada ya buga kik, ya turo shi waje, a cire fulogi a buga ruwan ya fita ta ramin, a juye mai a ranar, ko da bashi ne.

Namu aikin bai kai awa biyu ba. Ya sa sabon zobe da sabuwar tiyo, ya wanke 'yar ragar da ke tace mai. Ya zuba mai mai araha amma na babur, aka tayar ya yi minti biyar, ya juye. Na farko ya fito da sauran fari. Na biyu ya fito kusan garau. A na uku ya zuba mai kyau ya ɗaure. Na tambaye shi batun kananzir da wasu ke wanke inji da shi, ya girgiza kai ya ce wanda ya maƙale a ciki zai tsinka sabon man, shi ba ya yi. Ya ce mu duba ma'auni bayan kwana uku, idan fari ya dawo mu komo. Bai dawo ba. Gorar nan da ya ajiye kuwa, da na biya washegari na tarar ruwa ya kwanta a gindinta, mai yana bisa.

Abin da na kashe kuɗin mai lita uku ne, da tiyo, da zobe, da ladan Baba. A bakin rumfar na miƙa wa yaron makulli, ya karɓa da hannu biyu bai dube ni ba. Yanzu sai inji ya huce yake wankewa, da bokiti da tsumma, in ya kai wurin masu feshi kuma ƙafafu da ƙasan babur kawai yake bari su taɓa.

Kiran Ngaundare shi ya fi ba ni wuya. Sai bayan sallar isha'i na iya. Na yi mata bayanin tiyo da zobe da injin feshi, na ce yaron gaskiya ya faɗa, ni ne na yi gaggawa. Yaya ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, sannan ta ce in ba shi wayar.