Katin Ɗan Wasan da Ba a Yi wa Kirari

A watan Agustan 2022 aka sayar da katin Mickey Mantle, gwanin wasan besbol na Amurka, bugun kamfanin Topps na 1952, a kan dala miliyan 12.6. Irin wannan ciniki ne ke shiga jarida. Amma cikin masu tara kati akwai waɗanda ba ruwansu da taurari. Abin da suke farauta shi ne katin farko na ɗan wasan da koci ke toshe gurbi da shi, yau nan gobe can, har ya yi ritaya ba a yi masa kirari ba.

Mu nan ƙwallon ƙafa muka sani, katinmu kuwa hotunan mannawa ne irin na Panini, kamfanin Italiya da ya fara buga kundin gasar cin kofin duniya a 1970. Kowa na neman Yekini da Okocha. Wa ke neman Garba Lawal? Bakadune ne, ya ci zinare a Atlanta a 1996, ya je kofin duniya na 1998 da na 2002, duk inda aka ajiye shi a ɓangaren hagu sai ya riƙe. Ranar 13 ga Yunin 1998, da Najeriya ta doke Sifaniya 3-2, bugunsa ne ya kuɓuce wa gola Zubizarreta ya faɗa raga, amma littattafai da yawa sun rubuta cewa golan ne ya ci gida. Ma'aikacin da ya taɓa kwana yana tsara takarda, da safe wani ya sa mata hannu, ya san wannan ciwo.

Hukuma ma ba ta cika gaggawar tunawa ba. Gidajen da aka yi wa tawagar 1994 alkawari bayan kofin Afirka na Tunisiya, sai a Yunin 2021 Shugaba Buhari ya amince a bayar. Kafin nan Uche Okafor, Thompson Oliha da Wilfred Agbonavbare sun rasu, haka Yekini da Keshi.

Hoton fitaccen ɗan wasa ba ya ɓata, domin kowa na adana shi. Na ɗan toshe gurbi shi ake bari a ƙasan akwati, inda danshin daminar Abuja ke manne shi da ɗan'uwansa, gara ta ƙarasa sauran. Mai irinsa ya sa shi a leda mai kauri, nesa da rana da bango, ya rubuta sunan ɗan wasan da shekarar a wata takarda daban.