Ƙasar da Rana ke Wata Shida Ba ta Faɗi Ba

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Ibeto, ta ƙasar Kontagora, tsakiyar hunturu ne. Wata safiya na tarar da yara suna ta makyarkyata, sai na ce musu, "Wannan ba sanyi ba ne. Akwai ƙasar da ƙanƙara ta rufe ta ƙaf, rana kuwa ta kan yi wata shida ba ta faɗi ba." Wani yaro ya ce, "Malam, to, yaushe su ke sallar magariba?" Aji ya fashe da dariya, na ga alama sun ɗauka tatsuniya na ke yi. Malamin da yara suka daina gaskatawa kuwa, aikinsa ya ɓaci.

Kashegari na zo da lemo da tsinke da fitila, muka rufe tagogi. Na soke lemon da tsinken, na ce, "Ga duniya, fitila ita ce rana." Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara, amma a karkace ta ke, karkatar digiri 23½. Na kewaya fitila da lemon, ban sake karkatarsa ba. Yara suka gani da idonsu, rabin tafiyar haske bai bar gindin tsinken na sama ba, na ƙasa yana cikin duhu, sa'an nan abin ya juya. Mu da mu ke kusa da tsakiyar lemon, bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Batun salla kuwa, malamai sun ce a bi lokutan ƙasa mafi kusa wadda ke da dare da rana.

Sai suka tambaya ko an taɓa zuwa can. Na ba su labarin mutum biyu da suka yi tseren zuwa Ƙuryar Kudu, a Antaktika. Amundsen, mutumin Norwe, ya zauna da Inuwit, mazaunan ƙanƙarar arewa, ya koyi sa tufafin fata mai gashi da tafiya da karnuka masu jan kaya. Ya tashi da karnuka 52, ya isa ran 14 ga Disamba, 1911, shi da mutum huɗu, suka komo lafiya. Kyaftin Scott na Ingila ya fi dogara ga motoci da dawaki. Motocin suka lalace, dawakin suka gaza, mutane suka koma jan kaya da kansu. Sun isa ran 17 ga Janairu, 1912, suka tarar da tutar Norwe. Su biyar ɗin duka suka mutu a hanyar komowa, uku na ƙarshe saura mil 11 su kai inda suka ajiye abinci.

Yaron nan ya ce, "Malam, ashe kamar mai ƙetare Sahara ne, in bai nemi Buzu da raƙumi ba ya halaka." Na ce ya gane.

Har yanzu wurin bai yi sauƙi ba. A 1983, a tashar Vostok ta Rasha, an auna sanyin digiri 89 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

'Yan'uwana malamai, in za ku faɗa wa yara abin da bai yi kama da gaskiya ba, ku riƙo lemo da fitila tukuna.