Courtney Pine, Mabushin Jazz na Landan

An haifi Courtney Pine a Landan a 1964, iyayensa 'yan Jamaika ne. Abin busarsa saksofon ne, kayan busa na tagulla mai lanƙwasasshen baki. Ya fara da rakiyar mawaƙan reggae kafin kiɗan jazz ya ja hankalinsa gaba ɗaya.

A 1986 ya fitar da faifansa na farko, Journey to the Urge Within, wanda ya shiga sahun faifai 40 mafi kasuwa a Birtaniya, abin da ba kasafai faifan jazz ke samu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya haɗa kai da matasa baƙaƙen fata suka kafa ƙungiyar Jazz Warriors. An ba shi lambar girma ta CBE a 2009.